Kafin Ki Ɗauki Alli

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya baƙunta, ya gajiyar sabon aiki? Saƙonki ya iso mu, har mahaifiyarki ta sa na karanta mata sau biyu. Mun yi murna ƙwarai da jin an ba ki darasin kimiyya, aji biyu a ƙaramar sakandare, ɗaya a babba. Allah ya sanya albarka, ya ba ki ikon sauke nauyin.

Kin ce abin da ke hana ki barci shi ne yawan manhaja da ƙarancin kaya a ɗakin gwaje-gwaje. Na fahimta. Amma shekarun da na yi riƙe da alli sun nuna mini akwai abin da ya fi waɗannan biyun wuya, kuma ba wanda ya faɗa mini shi lokacin da na fara. Shi ya sa na zauna na rubuto miki, maimakon mu yi maganar a waya ta bi iska.

Yaron da zai zauna a gabanki ba da kai fanko ya zo ba. Tun kafin ya ji kalmar kimiyya ya riga ya yi wa kansa bayanin duniya. A wurinsa abu mai nauyi ya fi mara nauyi saurin faɗowa. Ana sanyi ne saboda rana ta yi mana nisa, alhali a farkon Janairu duniya ta fi kusantar rana, kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma miliyan 152. Bishiya daga ƙasa take tsotso jikinta. Duk kuskure ne, amma kuskuren mai hankali, domin idonsa ne ya gaya masa, ido kuwa bai saba yi masa ƙarya ba. Idan kika rubuta gaskiyar a allo zai kwafa, ya haddace, ya zube miki ita ranar jarrabawa, ya ci. Tsohon bayanin nan kuwa yana kwance a zuciyarsa, ko motsi bai yi ba.

Ni a gindin bishiya na gane haka. Na koyar da wani aji yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, na yi musu gwaji a takarda, kusan kowa ya ci. Bayan mako guda muna tsaye a harabar makaranta, na dafa wani ƙaton kututture na ce da su: duk nauyin nan daga ina ya fito? Yarinyar da ta fi kowa maki ta ce, daga ƙasa mana, Malam. Sauran suka gyaɗa kai. Ba wanda ya ambaci iska. Su ne kuma suka rubuta mini da hannunsu cewa ganye yana ɗaukar iskar kabon-dayoksaid da ruwa, ya haɗa sukari, ya saki oksijin. Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Laifin nawa ne. Ban taɓa tambayarsu abin da suke zato ba kafin in ɗora musu nawa, sai maganata ta zauna a gefe, tasu ma ta zauna a gefe, ba su taɓa haɗuwa ba.

Daga shekarar nan ban ƙara fara wannan darasi da allo ba. Da labarin Jan Baptist van Helmont nake farawa, wani likita mutumin Brussels, wanda aka buga aikinsa a 1648 bayan rasuwarsa. Ya busar da ƙasa ya auna, wajen kilo 90, ya zuba a tukunya, ya dasa reshen bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗan ɗoriya. Shekara biyar yana ba shi ruwa kawai, ya kuma rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga. Da ya sake aunawa, bishiyar ta kai kusan kilo 77. A nan nake tsayawa in ce kowa ya rubuta nawa yake ganin ƙasar ta ragu. Wasu su ce rabi, wasu su ce ta kusa ƙarewa. Sai in faɗa musu: abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Ki ga yadda aji ke yin tsit. Wannan shirun shi nake nema, domin a lokacin ne tsohon bayanin ya tsage, yaro ya fara buƙatar sabo da kansa.

Kada ki ɓoye musu ƙarshen labarin. Van Helmont ya yi awo daidai, amma ya yanke hukunci ba daidai ba: ya ce ashe duk jikin bishiya daga ruwa yake. Sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin wasu su gano rawar da iska da haske ke takawa. Busasshen itace kusan rabinsa kabon ne, kabon ɗin kuma daga iska ya shigo ta ganye. Nakan ɗaga guntun gawayi in ce musu, wannan baƙin abin a da yana yawo ne a cikin iskar da kuke shaƙa. Yara suna son jin cewa babban masani ma ya yi kuskure, wani ya zo ya gyara, domin daga nan tsoron ɗaga hannu ke raguwa.

Hanyar ke nan, ba ta da wani sirri. Ki yi tambaya, kowa ya rubuta hasashensa da dalilinsa kafin a taɓa komai, sannan a gwada, sannan a yi muhawara, sunan abin na kimiyya ya zo daga ƙarshe. Rubuta hasashen nan kada ki yi wasa da shi. In ba a rubuta ba, da zarar sakamako ya fito kowa zai ce ai dama haka na zata.

Batun kaya kuwa, kada ya karya miki gwiwa. Ki saki littafi da falle ɗaya na takarda tare, littafin zai riga sauka, yara su ce ga shi nan, nauyi ne. Sai ki ɗora takardar a kan littafin ki sake su, su sauka tare. Ki dunƙule ta ki sake gwadawa. Nauyinta bai canza ba, to me ya canza? Bayan sun yi ta gardama sun kai ga iska, sai ki nuna musu bidiyon David Scott, ɗan sama jannatin Apollo 15, wanda a 1971 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Gani ya kori ji, amma sai an fara jin ƙishin ganin. In kika nuna bidiyon tun farko, kallo kawai za su yi.

Haka darasin haske. Hasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir wajen shekara dubu da suka wuce. Da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa da fitilu ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya, ya kuma kafa hujja cewa shigowa ido yake yi daga abin da ake kallo, ba daga ido yake fita ba. Kwali da allura da farar takarda mai shara-shara sun ishi kowane rukuni su haɗa irin wannan ɗaki a hannunsu. Hoton zai fito kai a ƙasa. Ki bar su su zana layukan hasken har su gano dalili, kada ki riga su.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ki yi hattara da shi, domin na koyar da shi a karkace shekaru da dama. A kafa kyandir a faranti mai ruwa, a kunna, a kife tambulan a kai. Wutar ta mutu, ruwa ya hau cikin tambulan. Na sha gaya wa yara cewa ruwan ya maye gurbin oksijin ɗin da ya ƙone ne, don haka na karanta. Ba haka ba ne. Wutar tana mutuwa tun da sauran oksijin mai yawa, kuma ƙonewar kanta tana fitar da kabon-dayoksaid da tururi. Mafi yawan hawan ruwan daga zafi ne: iskar ta yi zafi ta buɗe, wata ta tsere ta ƙasa, da wuta ta mutu sai ta huce ta tsuke, ruwa ya shigo. Ki gwada da kyandir uku a tambulan ɗaya, za ki ga ruwan ya fi hawa, alhali oksijin ɗin da ke ciki bai ƙaru ba. Duk gwajin da za ki yi a gaban yara, ki fara yinsa ke kaɗai, ki kuma tuhumi bayanin da littafi ya ba ki kamar yadda kike so su tuhumi nasu.

Sai maganar shiru. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin azuzuwa da yawa ta auna, ta bayyana a 1972 cewa malami yakan jira kamar sakan ɗaya ne bayan ya yi tambaya, sannan ya amsa da kansa ko ya koma kan wani. Da aka tsawaita jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara magana. Sakan uku a gaban yara arba'in yana da tsawo fiye da yadda kike zato. Ki ƙirga a zuci. Ki kuma lura da wanda ke riƙe kayan gwaji a kowane rukuni. In kika bar su, masu ƙarfin hali ne za su mamaye, masu kunya, waɗanda sau da yawa 'yan mata ne, su koma masu rubuta sakamako har shekara ta ƙare. Ki riƙa juya aikin duk mako.

A kan lafiyarsu ba na son ki yi sassauci ko kaɗan. Asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. Ba a tsotsar sinadari da baki. Kada kwalbar sifirit ta kusanci wuta, kada kuma a ƙara shi a kan abin da ake zaton ya mutu, domin harshensa ba ya ganuwa sosai da rana. Tabarau na kariya a fuskar kowa, ke ce ta farko. Ranar da ba ki da abin kariya, ki canza gwajin.

Na san jarrabawa tana nan tana jira, shugabanni kuma za su tambaye ki inda kika kai a manhaja. Ba kowane darasi za ki yi wa irin wannan zama ba, lokaci ba zai bari ba. Ki zaɓi manyan ginshiƙai a kowane zango, huɗu ko biyar, waɗanda sauran ke tsaye a kansu, ki ba su haƙƙinsu. Sauran za su tafi da sauri. Ki kuma ba su isasshen atisayen lissafi da tsofaffin tambayoyi, wannan ma haƙƙinsu ne a kanki.

Idan yaro ya yi miki tambayar da ba ki da amsarta, ki ce ba ki sani ba, ki rubuta ta a gefen allo da sunansa, ki dawo da amsar ko ku nemo tare. Girmanki ba zai ragu ba.

Mako mai zuwa, kafin ki buɗe littafi, ki fita da 'yan babban ajin nan gindin bishiya ki yi musu tambayata. Ki rubuto mini abin da suka ce, kalma da kalma, ina so in ji. Na ɗaure miki tsofaffin littattafan shirin darasina guda uku, za su iso ki tare da saƙon mahaifiyarki. Inda kika ga na ja jan layi, wurin da na gano na yi kuskure ne, gyaran yana gefe.

Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki da yaran da aka ba ki amana.

Mahaifinki.