Wasiƙar Godiya Ga Hukumar Gandun Daji Da Namun Dawa Ta Jihar Texas

Zuwa ga ma'aikatan sashen kula da kifin tafkuna da koguna,
Texas Parks and Wildlife Department,
Austin, Texas, Amurka.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ya aiki, ya kuma fama da zafin bana?

Bayan gaisuwa, godiya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Hausawa na cewa yabon gwani ya zama dole, kuma aikin da kuke yi wa masu kamun kifi a wannan jiha ya kai a yaba shi a bainar jama'a. Na fito da wasiƙar fili ne don 'yan'uwana Hausawa mazauna Houston da Dallas da Austin su ma su gani, domin da yawa cikinmu mun tashi a bakin kogi, muna marmarin fatsa, amma mun zo ƙasar da ba mu san ruwanta ba. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Duk wanda ya taɓa yin watan Yuli ko Agusta a Texas ya san abin da ake kira zafi. Rana takan kai maki 38 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ta wuce, ga gumi mai danƙo a yankin Houston wanda ko da dare ba ya sakin mutum. Saman ruwan tafki kansa yakan haura maki 30. A irin wannan lokaci mai neman kifin bas, wannan koren kifi mai ƙaton baki da mutanen Amurka ke ji da shi, zai iya wuni guda yana jefa ƙugiya a bakin gaɓar da ta cika masa jaka a watan Maris, ya koma gida hannu rabbana. Kifin yana nan cikin tafkin, wurin zama kawai ya sauya. Saboda haka rabin aikin bazara a gida ake yin sa tun kafin a tayar da mota: wane ruwa za a nufa, kuma wane sashe nasa.

A nan ne kuka yi mini rana. Na buga waya ofishinku na yankinmu ina ɗari-ɗari, don a zatona ofishin gwamnati ba zai ɓata lokaci kan tambayar mutum ɗaya mai sandar fatsa ba. Sai aka haɗa ni da wani masanin kifi daga cikin ma'aikatanku, bawan Allah mai haƙuri. Bai fara da jera mini sunayen tafkuna ba, sai da ya tambaye ni ko ina da jirgi ko a ƙafa nake, da wa zan tafi, da ƙarfe nawa nake iya fita. Daga nan ya warware mini yadda ruwa yake a lokacin zafi, bayanin da har yau da shi nake aiki.

Abin da na fahimta shi ne, idan bazara ta kankama, babban tafki yakan kasu hawa-hawa. Ruwan sama ya ɗauki zafi, ya yi sauƙi, yana yawo da iska. Ruwan ƙasa yana da sanyi da nauyi, ya kwanta can bai gauraya da na sama ba, kuma da yake ganyaye da matattun halittu suna ruɓewa a cikinsa, iskar oksijin ɗinsa takan ƙare. A tsakaninsu akwai wani siririn hawa inda zafi ke faɗuwa farat ɗaya. Kifi yana son sanyi, amma ba zai zauna inda babu numfashi ba, don haka sai ya taru daidai saman wannan iyaka, musamman inda ta ci karo da wani tudu na ƙarƙashin ruwa, ko gefen tsohon kwarin rafi, ko tarin itace. Wanda ya ce bari ya jefa can ƙasa-ƙasa tunda a can sanyi yake, to a ruwan da babu kowa yake jefawa. Ga shi kuma ruwan ɗumi tun asali bai kai na sanyi riƙe oksijin ba. Wannan ya sa duk wurin da za a zaɓa a bazara sai ya kasance yana da ɗaya cikin abubuwan da kifi ke gudu zuwa gare su: zurfi madaidaici, ko inuwa, ko ciyawar ruwa mai rai, ko ruwa mai gudu.

Da wannan ma'auni na koma shafinku na intanet, sai na ga ashe komai a shimfiɗe yake, kuma kyauta. Kowane babban tafki yana da shafinsa: girmansa, zurfinsa, shekarar da aka datse shi, irin kifin da ke ciki, wuraren sauke jirgi. Ga rahoton kamun kifi da ake sabuntawa mako-mako, mai faɗin zafin ruwa da tsabtarsa da zurfin da ake samun kifi. Ga rahotannin binciken da masananku ke yi wa tafkunan bi da bi, har da ƙidayar da suke yi da jirgin lantarki mai sumar da kifi na ɗan lokaci a auna shi a mayar. Abin da ya fi burge ni shi ne taswirar mafakar kifi, wato tarin itatuwa da sauran abubuwan da ku da ƙungiyoyin masunta kuka nutsar da gangan, kuka kuma buga lambobin GPS ɗinsu don kowa ya samu. Masunci ba ya nuna wa ɗan'uwansa raminsa da sauƙi, ku kuwa kun nuna wa duniya.

Tafkin Conroe ne mafi kusa da mu, kamar tafiyar awa guda arewa da Houston, kuma akwai manyan kifaye a ciki. Sai dai a ranakun hutun bazara jiragen 'yan shaƙatawa kan cika kudancinsa, ruwa ya yi ta tangal-tangal. In dole sai Conroe, gara mutum ya nufi arewacinsa wajen dajin Sam Houston, ya kuma yi sammako.

Ni dai Sam Rayburn ne ya kwanta mini. Tafki ne da aka datse a kan kogin Angelina a 1965, faɗinsa ya kai eka 114,500, kuma duk abin da na lissafa a sama yana da shi: ciyawar hydrilla, tsofaffin kwaruruka, tuddai a tsakiyar ruwa, tarin itace. Mukan kwana kusa, mu yi sallar asuba, mu shiga ruwa gari bai gama wayewa ba. A wannan ɗan lokaci ruwan yakan kwanta lumui, sai can ka ga wuri guda ya fara tafasa, ƙananan kifaye farare suna tsalle suna watsewa saboda bas ya taso su daga ƙasa. Ka jefa abin yaudara mai yawo a saman ruwa, ka ja shi a hankali yana ɗan fantsama, sai ka ji wani "ɓul" kamar an jefa dutse, sanda ta lanƙwashe. Da hantsi ya ɗaga, wannan wasa ya ƙare. Sai a koma gefen ciyawa ta wajen zurfi da tana ta roba, a bar ta ta nutse, a riƙa jan ta kaɗan-kaɗan a ƙasa, domin kifin zafi ba ya son wahalar bin abinci da gudu. Kafin azahar mun fita daga ruwan. Wannan ma shawarar ma'aikacinku ce, kuma ta lafiyarmu ce kafin ta kifi: ruwan sha mai yawa, malafa, riga mai dogon hannu, a bar wa rana tsakiyar yini.

Tafkin Fork da ke gabashin Dallas kuwa sunansa ya riga shi. A can aka kama bas mafi girma a tarihin jihar, mai nauyin fam 18.18, sama da kilo 8, wanda Barry St. Clair ya kama a watan Janairun 1992. A bazara mutane da yawa da dare suke shigarsa. Amma cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun da aka datse shi a 1980, don haka ban ba baƙo shawarar ya shiga shi cikin duhu ba tare da wanda ya san hanya ba.

Ba kowa ke da jirgi ba, kuma a nan ne na ga adalcinku. Dokarku ta ce duk wanda ke cikin gandun shaƙatawa na jiha zai iya kamun kifi ba tare da lasisi ba, kuɗin shiga kawai zai biya, yaro ɗan ƙasa da shekara 17 kuwa ko'ina ba ya buƙatar lasisi. Wannan ya buɗe wa iyalai irin nawa ƙofa. Gandun Huntsville, da ɗan ƙaramin tafkinsa na Raven a tsakiyar dogayen itatuwa, ya ishi uba da 'ya'yansa: ga dandamalin tsayawa, ga inuwa, ga wurin shimfiɗa tabarma. Akwai kadoji a ruwan, kuma kun kafa alluna kuna gargaɗi, abin da ya sa uwargida ta yarda da wurin, don ta ce wanda ya faɗa maka haɗarin gidansa ba zai cuce ka ba.

Sai dai in aka ce in zaɓi wuri guda na watan Agusta, kogi zan zaɓa. Kogin South Llano da ke kusa da garin Junction daga idanun ruwa yake fitowa, garau yake, kana ganin tsakuwar ƙasa, kuma yana gudu ko da rani ya tsananta. Mutum zai shiga har gwiwa yana tafe yana jefawa, zafin ma bai dame shi ba. A can na fara riƙe bas ɗin Guadalupe, kifin da jihar ta ɗauka a matsayin tambarinta tun 1989, wanda asalinsa babu shi ko'ina a duniya sai kogunan tsakiyar Texas. Ƙarami ne, da wuya ya kai kilo 2, jikinsa kore mai ratsin duhu a gefe da layukan ɗigo-ɗigo a wajen ciki, amma in ya shiga igiyar ruwa da ƙugiya a baki sai ka rantse ya ninka girmansa. Na karanta yadda ya kusa ɓacewa saboda barbara da wani nau'in bas mai ƙaramin baki da aka shigo da shi kogunan, da yadda kuka shafe shekaru tun farkon shekarun 1990 kuna ƙyanƙyasar tsantsarsa kuna zubawa. Da ba ku yi ba, da 'ya'yana sai dai su gan shi a hoto. Ga 'yan'uwa masu niyyar zuwa wannan yanki, a duba hasashen yanayi kafin a sauka kwari, domin kogunan nan kan cika cikin ƙiftawar ido. Ambaliyar kogin Guadalupe ta ranar 4 ga Yulin 2025 ta ci rayuka fiye da 100. Allah Ya kiyaye gaba.

Akwai wani abin da na koya daga gare ku wanda da farko ya yi mini nauyi, wato mayar da kifi ruwa. Mu a wurinmu abin da ƙugiya ta kamo na tukunya ne. Dokarku ba ta hana ci ba: a yawancin ruwayen jihar mutum na iya tafiya da bas 5 a rana, muddin mai babban bakin ya kai inci 14, ko da yake wasu tafkunan suna da tasu doka, kamar Fork inda ake mayar da duk wanda ke tsakanin inci 16 da 24. Amma da na ga abin da shirinku na ShareLunker ke yi tun 1986, inda wanda ya kama uwar kifi mai fam 13 ko fiye yake ba ku aronta ta yi ƙwai a cibiyarku ta garin Athens, sai na gane cewa manyan nan iri ne. Yanzu in na kama babba a lokacin zafi, nakan jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, in zare ƙugiya da sauri, in riƙe shi cikin ruwa har sai na ji ya buga wutsiya ya ƙwace da kansa. Kifin da ya gaji a ruwan ɗumi ba ya jure daɗewa a waje. Na kuma gode da kuke buga gargaɗin ma'aikatar lafiya game da sinadarin makuri mai guba a jikin wasu kifayen tafkunan Sam Rayburn da Toledo Bend, wanda ya fi shafar mata masu haihuwa da ƙananan yara. Ga mutanen da ke cin abin da suka kama, wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

Haka nan dokar zubar da ruwan jirgi kafin a bar tafki, da kiran da kuke yi na a wanke shi a shanya. Na ji wasu na ƙorafi cewa takura ce. Ni ban ga takura ba, don na san abin da kachalla ta yi wa fadamar Hadejia da Nguru, yadda ta toshe hanyoyin ruwa ta raba masunta da manoma da abincinsu. Ciyawar salvinia da kuke yaƙi da ita a tafkin Caddo da Toledo Bend, da ƙananan dodon-koɗin nan masu zane da suka ɓulla a tafkin Texoma a 2009, irin wannan masifar ce, kuma a jikin jirgi da tirela suke bin mutum daga ruwa zuwa ruwa. Ku ci gaba da tsanantawa, muna bayanku.

Roƙona ɗaya ne: a ƙara dandamalin kamun kifi masu rumfa a ruwayen da ke kusa da manyan birane, saboda dattawa da masu ƙananan yara waɗanda ba za su iya tafiyar awa uku ba. Ni kuma in Allah Ya kai mu ƙarshen Agusta zan sabunta lasisina da farin ciki, tunda na ga inda kuɗin ke tafiya, kuma zan ja wasu daga cikin mutanenmu su yanki nasu.

A miƙa gaisuwata ta musamman ga ma'aikacin da ya amsa wayata, da masu tsaron gandun da ke tsaye cikin rana suna yi wa baƙi kwatance da fara'a. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku lafiya da ƙarfin gwiwa, Ya kuma ba mu ruwan sama mai albarka.

Naku mai godiya,
Wani mai fatsa, mazaunin Houston.