Ma'aunin William James da Sha'anin Imani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan William James, malamin Jami'ar Harvard ta Amurka wanda ya rasu a 1910, saboda na lura sunansa yana yawo a bakin ɗalibanmu na falsafa, amma kaɗan ne suka san inda maganarsa ta tsaya.

James yana cikin jagororin mazhabar firagmatizim, wadda ke auna kowane ra'ayi da abin da yake haifarwa a aikace. A 1901 da 1902 ya gabatar da laccoci ashirin a Jami'ar Edinbura, aka buga su littafi a 1902, inda ya ajiye muhawarar malaman tauhidi gefe ya koma kan abin da mutum ke ji a zuciyarsa, kamar tuba da addu'a da halin da sufaye ke shiga. A zamaninsa akwai masu cewa abin da ya sami Bulus, jigon Kiristocin farko, a hanyar Dimashƙa har ya karɓi addinin Kirista, farfaɗiya ce kawai. James ya amsa da cewa ko da an gano asalin abu a jikin mutum, hakan bai yanke hukunci kan darajarsa ba, sai an duba abin da ya biyo baya: shin mashayin ya bar giya, shin mai ƙunci ya sami natsuwa?

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a laccarsa kan sufanci, ya kawo dogon nassi daga labarin rayuwar Imam Gazali, inda Gazali ke nuna tazarar da ke tsakanin wanda ya haddace ma'anar ƙoshi da wanda cikinsa ya cika. Wannan ɗanɗano, wanda sufaye ke kira zauƙi, na gan shi a wurin kakana, Allah ya jiƙansa, wanda kan zauna a kan buzunsa bayan sallar asuba yana jan carbi har hantsi, ya tashi fuskarsa a sake ko da babu hatsi a rumbu.

Sai dai a nan nake rabuwa da masu ɗaukar ma'aunin James ya wadatar. Mutum biyu masu aƙidun da ke karo da juna kowannensu na iya nuna natsuwa da kyawun hali, kuma ma'aunin amfani ba zai faɗa mana wanda ke kan gaskiya ba. Gazali kuwa, da ya bar kujerarsa ta koyarwa a Bagadaza a 1095, yaƙini ya fita nema. James da kansa ya yarda cewa halin da sufi ya shiga hujja ce a kan wanda ya shiga, amma ba ta wajabta wa wanda bai ɗanɗana ba ya gaskata. Ina fata malamanmu na jami'a za su riƙa karantar da wannan sashe na maganar James tare da sauran maganganunsa.

Wassalam.
Mai karatunku daga Zariya.