Matasan mawaƙanmu, ku fara da gindin waƙa kafin kiɗa

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matasan mawaƙanmu na nan Sakkwato, don yadda aka koma haɗa waƙa yanzu wallahi yana damuna.

Makaɗanmu na dauri, irin su Narambaɗa na Isa da kotsonai, ko Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, gindin waƙa su ka fara nema. Magana ce ɗaya ko biyu mai nauyi, a zauna da 'yan amshi a yi ta jujjuya ta har ta zauna a baki, sannan a fara aza mata ɗiya ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗa da abin da ya ɗauko, wanga yabo, wancan zambo ko habaici ko tarihin kakannin sarki, a zagayo a dawo ma gindi. Kiɗan ma magana yake bi, don kotso da kalangu furta kalmomin suke yi, mai kunne yana jin abin da suka ce ko jagora bai buɗe baki ba. Marubutanmu kuwa tun zamanin Nana Asma'u da ma'auni suke aiki, a ƙirga ɗango, wato layukan baiti, a tsare amsa-amo, wato sautin da layuka ke ƙarewa da shi, tun daga farko har tammat.

To yanzu fa? Na raka wani ƙanena sitidiyo kwanaki, mai fiyano ya riga ya buga kiɗansa tsaf kafin a san mi za a ce, yaro na tsaye gaban makirfo da waya a hannu yana latsawa, janareto na cin mai ana ce mai ya yi sauri akwai masu jira, sai ji na yi ya juyo yana tambayarmu wai a ba shi kalma mai ƙarewa da "ni". Ko wace iri, ita dai ta shiga. Haka anka cike baiti huɗu, an ja wasali inda babu ja, an karya karin magana don ta hau kiɗa, sauran gyaran kuma an bar ma kwamfuta.

Ni ban ƙi fiyano ba, kuma yaran nan suna da murya da basira, shi ya sa abin ke min ciwo. Roƙona su riƙa zuwa da waƙarsu rubuce, sun rera ta da baki zalla sun ji ta tsaya, sannan mai kiɗa ya bi su. Gidajen rediyonmu irin su Rima da malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ma su taimaka su haɗa matasan nan wuri ɗaya da sauran tsofaffin makaɗa da 'yan amshinsu, akwai su nan Isa da Maradun da cikin gari, kuma shekaru sun ja musu ƙwarai.

Na gode.

Mai karatunku kullum,
daga Mabera, Sakkwato