Godiya ga ma'aikatan sashen hoto na asibitin koyarwa da suka duba autarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaban sashen ɗaukar hoton cikin jiki, da likitocinsa, da masu aiki da na'urori, da nas-nas, har da dattijon nan da ke kiran suna a bakin ƙofa. Hausawa na cewa yaba kyauta tukuici. Ba ni da abin da zan saka muku da shi, shi ya sa na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a, kowa ya ji abin da kuka yi mana.

Autarmu tana da shekara uku da 'yan watanni ranar da mahaifiyarta ta kira ni bayan ta gama yi mata wanka, ta ce in zo in taɓa gefen cikinta na dama. Na taɓa, na ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙari kamar an cusa mangwaro. Yarinyar kuwa dariya take yi, don ita cakulkuli take ji. Ba ta kuka, ba ta daina wasa ba, in ban da zazzaɓi da ke zuwa yana tafiya da kuma rage cin abinci. Wannan rashin ciwon shi ya yaudare mu. A kemis aka ba mu maganin tsutsar ciki. Hajiya, mahaifiyata, ta ce saifa ce, a kira wanzami ya yi mata tsaga kamar yadda aka yi mana muna yara. Ban ga laifinta ba, abin da ta sani ke nan. Mun ɓata kusan wata guda a haka kafin wani likita a ƙaramin asibiti ya shafa cikin sau ɗaya, ya tuna mana cewa saifa ai a hagu take, ya rubuta takarda ya turo mu wurinku.

Ba zan manta da ɗakin sikanin ɗinku ba. Yarinyar ta ƙanƙame uwarta ta ƙi hawa gado. Likitar da ke kan aiki ba ta daka mata tsawa ba, ba ta kuma ce a danne ta ba. Sai ta ce uwar ta zauna a kan gadon ta ɗora ta a cinya. Ta matsa man nan mai sanyi a tafin hannunta ta murza har ya yi ɗumi, ta fara shafa wa uwar a hannu, ta ɗora kan na'urar don yarinyar ta ga babu allura a ciki. Daga nan autarmu da kanta ta ɗaga riga. Mutane cike da benci a waje suna jiran layi, amma baiwar Allah nan ba ta nuna mana gaggawa ko kaɗan ba.

Da ta gama sai ta juyo da allon wajena ta ce, "Baban yarinya, matso ka gani." Ta nuna mini ƙodar hagu, ga ta nan lafiya lau, siffarta kamar ƙwayar wake. Ta koma dama, sai ga wani dunƙule babba, ragowar naman ƙodar ya kama gefensa kamar yadda yatsu ke riƙe ƙwallo. Ta ce wannan kamun shi ke nuna cewa daga cikin ƙodar ƙarin ya fito. Akwai wani ƙari na yara da ke tsirowa daga ɗan naman da ke zaune a saman ƙoda, shi yakan ture ƙodar ne ƙasa, kuma maganinsa daban. Ta ce ta kuma tabbatar tsoka ce, ba fitsari ne ya taru ya kumbura ƙodar ba. Sannan ta kunna wani abu, launin ja da shuɗi suka bayyana, ta bi jijiyar da ke kwashe jini daga ƙoda zuwa babbar jijiyar da ke hawa zuciya, don irin wannan ƙarin yakan kutsa ta cikinta. Ta ce hanyar a buɗe take. Ta duba hanta, ta duba mafitsara.

Ranar na fara jin sunan cutar. Kansar ƙoda ce ta yara da ake kira da sunan Max Wilms, likitan tiyata Bajamushe da ya yi rubutu a kanta a 1899. Ita ce ta fi yawa a cikin kansar ƙodar yara, kuma ta fi kama waɗanda ba su kai shekara biyar ba. Likitar ba ta ɓoye mini kalmar kansa ba, amma ba ta bar ni da ita haka nan ba. Ta ce a ƙasashen da ake kai yara da wuri kuma ake kammala magani, kusan tara cikin goma na warkewa, abin da ke cutar da mu a nan shi ne zuwa a makare da kuma guduwa daga magani a tsakiyar hanya. Ta kuma gargaɗe mu da babbar murya: kada kowa ya sake danna cikin, kada a yi tsaga, kada a bar ta ta yi wasan tsalle, domin in ƙarin ya fashe a ciki aikin ya ƙara nauyi. Jikina ya yi sanyi da na tuna yawan hannun da ya lallatsa cikin nan a gida, kowane baƙo sai ya taɓa ya faɗi nasa.

Bayan kwana biyu muka dawo hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki yanka-yanka. An fara gwada jini a ga ko ƙodar za ta iya ɗaukar ruwan da ake zubawa ta jijiya don hoto ya fito sarai. An ce kada ta ci komai na wasu sa'o'i, kuma kun sa sunanta a farkon layi saboda kada yunwa ta galabaitar da ita. Ƙaramin abu ne a wurinku, a wurin uwar da ke riƙe da yaro mai kukan yunwa kuwa ba ƙarami ba ne. Na tambayi saurayin da ke sarrafa na'urar me ya kawo hoton ƙirji alhali ciwon a ciki yake. Ya ce huhu ne wurin da wannan cutar ta fi saurin tsallakawa. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa CT yana da tururin haske irin na hoton ƙashi, shi ya sa suke rage ƙarfinsa daidai da jikin yaro kuma ba sa maimaita shi sai da dalili, sikanin kuwa da sauti yake aiki, ba shi da wannan. Huhun ya fito fes. Ƙodar hagu ma babu komai, abin da suka ce dole a tabbatar kafin a cire ta dama, tunda a wasu yaran cutar kan kama duka biyun.

A bencin jira na san wani bawan Allah da ya zo da ɗansa daga ƙauye. Yaron yana fitsarin jini, yana nishi kafin fitsari ya fito. Kowa a garinsu ya ce tsagiya ce, kuma ba abin mamaki ba ne, don yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa suna fama da ita. An sha maganin tsagiya, shiru. Na ga nas ɗinku tana lallashin yaron ya shanye ruwa kofi bayan kofi don mafitsara ta cika, sai ta cika hoto ke nuna bangonta da kyau. Uban ya fito ya ce mini an ga tsiro a ciki mai kama da nonon inabi, an tura su hoton MRI, wani hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu. Mun yi musabaha, ya yi wa 'yata addu'a na yi wa ɗansa. Ina tuna su a kowace sallah.

Da rahotonku likitocin yara suka fara aiki. An yi mata allurar maganin kansa ta jijiya mako huɗu don ƙarin ya motse kafin tiyata. Makonnin nan sun yi mana tsanani, ta rame, ta ƙi abinci, 'yan uwa suka fara cewa maganin asibiti ne ke ƙarasa ta, a dawo da ita gida a nemi na gargajiya. Ni kaina zuciyata ta fara rawa. Da muka koma sikanin na biyu sai na tafi da Hajiya. Likitar ta gaishe ta har da rusunawa, ta ce, "Mama, zauna nan kusa da ni." Ta jera hoton farko da na ranar, ta auna da ɗan layi a kan allo, ta nuna mata yadda dunƙulen ya ragu. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ce gani ya kori ji. Tun daga ranar ita ce ke tashinmu da asuba in ranar asibiti ta zo, kuma ba wanda ya sake kawo zancen wanzami a gidanmu.

An cire ƙodar dama, gwajin naman ya tabbatar da abin da kuka hango, aka ci gaba da magani har aka kammala. Yanzu duk wata uku muna zuwa a duba ciki da ƙirji. Ina roƙon hukumomi da masu hannu da shuni su dubi wannan sashe, su taimaka wa iyayen da kuɗin hoto ke korar su gida, domin na ga masu juyawa daga bakin kantar biyan kuɗi da takarda a hannu, idonsu cike da ƙwalla.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku, Ya raya muku zuri'a. Autarmu ta shiga makarantar allo, kuma ta ce in gaya wa "Anti mai man sanyi" cewa wata mai zuwa da kanta za ta hau gado.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin ɗaya daga cikin yaran da kuke dubawa