Wa ya ƙirga mu a Zariya?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na daren Talata, har yanzu raina bai huce ba. Baƙon naku ya yi ta nanata cewa mu 'yan Najeriya mun haura miliyan 220, yana faɗa da gadara kamar shi ya bi gida-gida da alli. Mai gabatarwa kuwa ko sau ɗaya bai tambaye shi inda adadin ya fito ba.

To, ni bari in faɗa. Rabon da a ƙirga mu tun Maris na 2006, zamanin Obasanjo, aka samu miliyan 140 da 'yan kai. Daga nan sai lissafi a kan takarda: a ɗauki wancan adadi a riƙa ɗora masa kusan kashi 3.2 cikin ɗari duk shekara, ko a kintaci haihuwa da mutuwa da ƙaura daga binciken wasu zaɓaɓɓun gidaje. Ƙidayar da aka sa wa rana a Mayun 2023 ma ɗage ta aka yi. Kintace ba laifi ba ne, amma a kira shi da sunansa.

Ina cikin malaman makarantar da suka yi aikin 2006. Inda na ratsa gonakin dawa a bayan Gwargwaje, yau gidaje ne bango na gogar bango. A gidanmu mu tara aka rubuta. Yanzu mu ashirin da ɗaya ne, bakwai 'yan'uwa ne da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari. Lissafin nan yana can yana ƙara su a ƙauyen da ya zama kufai, a nan kuwa inda suke cin tuwo babu su. Jikokina huɗu ungozoma ce ta karɓe su a ɗaki, ba mai takardar haihuwa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, mun kai ta makwancinta kafin la'asar, ba wanda ya rubuta a ko'ina. Da me ake kintacen ke nan? Kuma yawan jama'a na cikin ma'aunin rabon kuɗin tarayya. Ajina yara sun fi ɗari, wasu a ƙasa suke zaune.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Sau shida ina kira, katina ya ƙare, ku kuma kuka yanke shirin kuka sa tallar maganin basir.

Naku,
Mai sauraronku daga Tudun Jukun, Zariya