Zuwa ga ɗana, kafin ka tashi zuwa Sao Tome

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mahaifiyarka ta ce ka kira ta kana ƙorafi, wai abokan aikinka an ba su Landan da Riyad, kai kuma an tura ka tsibirin da ko a taswira sai an ƙura ido. Na yi dariya, sannan na nemi biro.

Ƙasar ƙarama ce, ban musa ba. Mutanenta ba su kai 250,000 ba, ƙaramar hukumar Nasarawa ta nan Kano ta ninka su. Amma a 2001 Shugaba Obasanjo ya zauna da su kan iyakar teku da ta ƙi rabuwa, aka yarda a nemi man wurin tare, Najeriya kashi 60, su kashi 40. Da yawan jama'a aka bi, ko kashi ɗaya ba za su samu ba.

A watan Yulin 2003 kuma, shugabansu Fradique de Menezes yana taro a Abuja sojoji suka ƙwace mulki a gida. Mako guda ana sulhu, da sa hannun wasu ƙasashe, daga ƙarshe Obasanjo ya shiga jirgi ya raka shi har gida.

To wannan labarin shi nake ja maka kunne a kai. Ka san shi, amma kada ya fito daga bakinka a gabansu. Sun fi ka saninsa, kuma duk yadda ka lanƙwasa harshe, gori za su ji. Wani ma zai ce maka don mai aka yi, ba don Allah ba. Kada ka yi gardama, yana da hujjarsa. Man kuwa har yau ba a sayar da ko ganga ɗaya daga yankin ba, ƙasar tana nan da kokonta da kifinta da 'yan yawon buɗe ido. Mutumin da aka yi wa albishir sama da shekara 20 bai ga komai ba, sai ana lallaɓa shi.

Tsofaffinsu za su iya ɗauko maka zancen yaƙin basasarmu, don daga tsibirin jirage suka riƙa kai agaji Biyafara, lokacin suna hannun Fotugal, kafin 'yancinsu na 1975. Ka saurara kawai. Ka kuma dage ka koyi Fotugis, na tsani jami'in da sai da tafinta yake gaida mai gadi.

Musulmi kaɗan ne a can, ka kula da sallarka da abin da kake ci. Mahaifiyarka ta ɗaure maka yaji da kuka da daddawa, ka turo wanda zai karɓa kafin Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka