Wasiƙa daga Burgos

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Hajiya? Ina rubuto maka ne daga Burgos a ƙasar Sifaniya, bayan mako biyu ina tafe a ƙasa kan hanyar Santiyago, wato tsohuwar hanyar da masu ziyara ke bi zuwa birnin Santiago de Compostela. Daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa na taso, tafiyar duka kusan kilomita 800 ce. Tunda ka ce baɗi kai ma za ka yi wannan tattaki, ga shi kana fama da ciwon suga, ka ji abin da ya same ni.

Don rage nauyin jaka, na ɓare ƙwayoyin hawan jinina daga kwalinsu na zuba a leda. Ruwan sama ya yi ta dukana wuni guda. Da na buɗe ledar da dare, sai na tarar sun narke sun dunƙule kamar ƙullun koko. Gabana ya faɗi.

Kyamis ba wuyar ganewa a nan, koriyar alama ce mai haske a bakin ƙofa. Sai dai da yawa suna rufewa wajen ƙarfe biyu na rana, sai biyar su buɗe. Matar da na samu ta saurare ni da mutunci, amma ta ce sai da "receta", wato takardar likita. Wadda na zo da ita daga gida ba ta yi aiki ba. Dole na nemi likita, na biya daga aljihuna, ya auna jinina sannan ya rubuta mini. Abin da ya taimake ni shi ne likitanmu ya rubuta ainihin sunan maganin, amlodipine mai miligiram 5, ba sunan kamfani ba. Su "amlodipino" suke cewa, nan take ya gane.

Don Allah ka bar maganinka cikin kwalinsa, ka raba shi gida biyu, ka ɗauki hoton takardar a waya. Naka metformin ne, a nan "metformina". Kada ka jira ya kusa ƙarewa. Ka cike a babban gari. Gaba da nan fili ne fetal, kuma daga garin Carrión de los Condes akwai kilomita 17 da ba ƙauye ko ɗaya.

Gobe da asuba zan kama hanya. Ka gaida mini yara, a sa ni a addu'a.

Naka har kullum.